Wayar da Ke Naɗe a Ƙarƙashin Sitiyari: Lacca ga Makanikai da Ɗaliban Gyaran Mota

 

Maganata ta yau a kan wani ɗan abu ce da ke zaune tsakanin sitiyari da sandarsa, wanda a gareji ake ce wa kulok sifirin, Toyota kuma a littattafanta take ce masa naɗaɗɗiyar waya. In ka fasa kwanson robarsa, abin da za ka gani shi ne farar leda mai faɗi, siririya, da layukan tagulla a jere a cikinta, an naɗe ta kamar tef ɗin awon tela. Baki ɗaya yana maƙale da gidan sandar da ba ya motsi, ɗayan yana bin sitiyari. Ka karya gefe ɗaya ta saki, ka karya ɗayan ta ƙara naɗewa, wuta kuma ba ta yankewa. Ta cikinta hon yake samun hanyarsa, haka maɓallan rediyo in motar tana da su. Ta cikinta kuma umarnin fashewa yake isa ga jakar iskar direba, wannan ne ya sa na zaɓe ta.

Tsofaffin motocin da ba su da jakar iska galibi ba su da wannan waya. Zobe ne na tagulla da ɗan ƙarfe yana gogarsa, ya wadatar da hon. Hon zai iya jure yankewar wuta ta ƙiftawar ido. Jakar iska ba za ta jure ba, domin duk aikinta, daga karo zuwa cika, bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Dokar Amurka ta wajabta jakar iska biyu a gaba ga ƙananan motoci daga ƙirar 1998, ga a-kori-kura kuma daga ƙirar 1999. Saboda haka Tacoma da Tundra da Ford Ranger da suke shigo mana a tokumbo daga can suna ɗauke da wannan waya, haka Hilux ɗin da ke da tambarin SRS a tsakiyar sitiyari. Da yawansu sun haura shekara ashirin, ledar tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowace kwana.

Tagulla in ta sha lanƙwasa tsagewa take yi. Wani lokacin kuma daga masana'anta matsalar take. A shekarar 2012 Toyota ta kira kusan Tacoma rabin miliyan, ƙirar 2005 zuwa 2009, saboda wannan waya. A watan Afrilun 2014 ta sake kiran motoci kimanin miliyan 3.5 a faɗin duniya a kan abu ɗaya, ciki har da Hilux da RAV4 da Corolla. A 2016 kamfanin da ke ƙera Jeep ya kira Wrangler kusan rabin miliyan domin ƙura tana shiga kwanson tana cin ledar. Wanda ya san abin da hunturu yake yi wa cikin mota a hanyar kasuwannin ƙauye ba sai an yi masa bayani ba. Motocin da suka iso mu hannu na uku ko na huɗu, babu tabbacin an kai su wancan gyaran kafin a ɗora su a jirgi.

Amma iyayena makanikai, ku yi mini afuwa in faɗi wadda ta shafe mu. Wayoyi da yawa a garejinmu suke tsinkewa. An kawo mota gyaran rak, an kwance mahaɗar sandar sitiyari daga ƙasa, sitiyari ya zama sakaka. Yaron shago ya shiga ɗauko sifana, ya dafa shi, ya juya sau ɗaya ko biyu. Ledar nan iyakarta juyi biyar ne ko kusa da haka, wato biyu da rabi kowane gefe. In aka mayar da rak alhali sitiyari ya yi juyi ɗaya na banza, a ido komai daidai yake, tayoyi a miƙe, tambari a miƙe. Ranar da mai mota ya karya kwana har ƙarshe, sai ledar ta kai iyakarta ta tsinke. Shi kuwa ba zai taɓa haɗa wannan da gyaran makon jiya ba. Maganin abin bai fi minti ɗaya ba: kafin ka taɓa mahaɗar, ka miƙe tayoyi, ka zaro bel ɗin kujera ka zarga ta cikin sitiyari ka ɗaure.

To yaya ake gane wayar ta lalace? A fara da makulli. Ka murɗa shi ba tare da ka tayar da inji ba, ka dubi dashbod. Fitilar jakar iska za ta kama, ta yi kamar daƙiƙa shida, ta mutu. In ta ƙi mutuwa, ko ta mutu ta dawo, akwai matsala. In kuwa ba ta kama ba ko kaɗan, wannan ya fi muni, zan dawo kansa. Daga nan ka tayar da mota, ka danne hon, kana juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Hon ɗin da yake yi a miƙe ya ɗauke a kwana, ko ya ƙi a miƙe ya yi a kwana, ya riga ya nuna maka wurin. Ka kasa kunne kuma, domin tsagaggiyar leda tana yin ƙaras-ƙaras daga bayan sitiyari. In hon ya mutu murus, kada ka yi gaggawar yanke hukunci. Duba fiyus, duba rile, ka ba hon ɗin wuta kai tsaye ka ji ko yana da rai. Hon kaɗai ya mutu, fitila lafiya, maɓallai lafiya, galibi laifin yana wani wuri. Biyu ko uku suka taru, ledar ce abin zargi na farko.

Sai a sa kwamfuta. 'Yar ƙaramar na'urar nan mai araha inji kawai take karantawa, za ta ce maka babu komai alhali fitila tana ci. Sai wadda take shiga ɓangaren SRS. A Toyota, lamba B1801 tana nufin layin jakar direba a yanke yake, a waɗanda suka fi tsufa kuma B0101 za ka gani. A Ford B1932 ce, tsofaffinsu ma fitilar da kanta take ƙirga maka, ta ƙifta sau uku, ta tsaya, ta ƙifta sau biyu, wato 32. Lambar layi take nunawa, layin kuma ya haɗa da soket da waya da ita kanta jakar. In kwamfutarka tana nuna awon layin kai tsaye, ka sa ido a kansa wani yana juya sitiyari. Lafiyayyen layi yana zaune wajen om biyu zuwa uku. In adadin yana tsalle da juyin sitiyari, magana ta ƙare.

Ƙannena ɗalibai, ga abin da nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. Kada ku taɓa ɗora mita ko fitilar gwaji a kan jakar iska. Mita tana tura 'yar wutarta ne domin ta auna, abin da ke cikin jakar kuma maganin fashewa ne, yana fitowa da gudun da zai iya kai kilomita 300 a awa. Soket mai ruwan ɗorawa a mota galibi na ɓangaren jakar iska ne. Ledar kaɗai ake aunawa, bayan an zare ta ta sama da ta ƙasa, kowane layi ya ba ka ƙasa da om ɗaya kana juya ta a hankali. A kula, a cikin soket ɗin akwai ɗan siririn ƙarfe da yake haɗe ƙafafu biyu da zarar an zare shi, kariya ce aka yi da gangan. Wanda bai san da shi ba zai ga mita ta nuna layi a haɗe ya ce waya lafiya take.

Yanzu in dawo kan fitilar da ba ta kamawa. Kowa a ɗakin nan ya taɓa buɗe dashbod ya tarar an cire ƙwan fitilar, ko an liƙa baƙin salatef ta bayan gilashi. Wasu sun fi haka wayo, suna cusa ɗan rizisto a soket domin birenbos, wato na'urar da ke sarrafa jakar, ya ɗauka jakar tana nan. Hon kuma a ja masa waya daban, a huda roba kusa da makulli a dasa maɓalli. Mai mota ya biya, ya tafi yana godiya, ya ɗauki iyalinsa ya hau titin Kano zuwa Zariya yana ganin akwai abin da zai tare ƙirjinsa daga sitiyari, alhali babu. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga wannan aiki. In mai mota ba shi da kuɗin gyara yau, a bar masa fitilarsa tana ci, a gaya masa abin da take nufi, ya san halin da yake tuƙi a ciki. Wannan haƙƙinsa ne a kanmu.

Canjin kansa ba shi da wuya ga wanda ya natsu. Tayoyi a miƙe, makulli a waje, a cire kan batir na nagatif. Sai a jira, domin birenbos yana ajiye wuta a cikinsa don ranar da batir zai tsinke a karo. Toyota ta ce daƙiƙa 90, wasu kamfanonin sun ce fiye, jiran minti goma ba ya rage komai. A kwance sukurorin gefen sitiyari, a ɗaga makullin soket da ɗan siririn sukundireba kafin a ja, a ɗauki jakar fuskarta tana kallon nesa da jiki, a ajiye ta tambari yana kallon sama. In aka kife ta kuma ta tashi, ƙarfen bayanta ne zai yi sama. A yi alama da fenti a kan sanda da sitiyari. A sassauta babban noti amma a bar shi a bakin zare, don kada sitiyari ya kuɓuce ya daki haɓa. A yi amfani da fula, a ajiye guduma, domin sandar an yi ta ne ta naɗe a lokacin karo, duka yana lalata wannan tsarin tun kafin ranarsa.

Sabuwar wayar tana zuwa da ɗan fil na roba da ya kulle ta a tsakiya. Kada a zare shi sai ta zauna a mazauninta. A sayo da lambar kaya ko lambar shasi, domin biyu za su yi kama a ido amma yawan ƙafafunsu ya bambanta, wata jakar ma soket biyu gare ta. In motar tana da na'urar da ke auna juyin sitiyari a manne da kwanson, a mayar da ita yadda take, a saita ta da kwamfuta. A ɗaure noti da awon da littafin motar ya faɗa. Lokacin mayar da batir kada kowa ya zauna a kujerar direba, a miƙo hannu daga ɗaya gefen a murɗa makulli. A goge lambar matsalar da kwamfuta, a sake gwajin hon daga ƙarshe zuwa ƙarshe, sannan a kira mai mota ya ga fitilar ta kama ta mutu da idonsa, a ba shi tsohuwar a hannu.

Na san za a tambaye ni batun ta Beljiyam, wato ta gwanjo. Ra'ayina, ta asali da aka ciro daga mota mai ƙarancin tafiya ta fi sabuwar jabu da ledarta ba ta shekara. Sai dai ta gwanjo ba ta da fil, kuma ta sha juyi a hannun masu taya ta a shago. Dole a nemo tsakiyarta da hannu: a juya ta hagu da yatsa, a hankali, har a ji ta fara tauri, a tsaya nan ba tare da an matsa ba, a dawo dama juyi biyu da rabi har alamomin jikinta su haɗu. Yawancinsu an rubuta adadin juyin a jikin kwanson, a karanta a bi nata. Alhazanmu masu sayar da kayan gyara na Ƙofar Ruwa da Panteka, ga roƙona gare ku: ku gaya wa yaran da suke kwance muku motoci su miƙe tayoyi kafin su ciro ta, su naɗe ta da salatef nan take, su rubuta sunan motar da shekararta a jiki.

 Shugaban taro, in lokaci ya ba da dama, akwai tsohuwa guda da aka fasa a kan tebur, ɗalibai su zo su ga inda tagullar take tsagewa.