Matafiyi da Zazzaɓin Lassa: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da zarar an gama kaka a ƙasarmu ta Dambatta, Bichi, Kunchi da Tsanyawa, sai samari su tafi cin rani, fatake kuma su bi motocin hatsi da na shanu zuwa Kudu. To, a daidai wannan lokaci ne, daga Disamba zuwa Afrilu, zazzaɓin Lassa ya fi ƙamari, musamman a jihohin Ondo, Edo, Bauchi da Taraba, inda mutanenmu ke zuwa neman halali.

An fara gano cutar a garin Lassa da ke Borno a 1969. Ɓera ne ke ɗauke da ita, yana zubar da ita ta fitsari da kashi a cikin abinci. Daga nan sai ta bi jini, amai ko fitsarin majiyyaci ta kama mai jinya. A watan Janairun 2020, likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sun rasu bayan sun duba wata mai juna biyu da ba a san tana ɗauke da cutar ba.

Saboda haka, in kun yi tafiya, kada ku ci abincin da ya kwana a buɗe, ko garin da aka shanya a bakin titi. Ku zuba guzuri a mazubi mai murfi, ku riƙa wanke hannu da sabulu, kuma ku bar wa ma'aikatan lafiya gawar wanda ake zargin cutar ce ajalinsa.

Abu mafi muhimmanci yana bayan dawowa gida. Cutar kan ɓuya a jiki har kwana 21, sannan ta fito kamar zazzaɓin cizon sauro. In jiki ya yi zafi a cikin waɗannan kwanaki, kada a tsaya sayen magani a kemis. A je asibiti, a gaya wa likita garin da aka je tun kafin ya tambaya. Maganin ribavirin ya fi amfani in an fara shi da wuri, kuma faɗin gaskiyar nan shi zai kare iyalinku da likitan kansa.

Mu da Allah ya ba ilimi, mu kai wannan saƙo masallatai, tashoshin mota da zaurukan masu unguwanni.

Allah ya kiyaye mu, amin.