Ƙoshin Kaka: A Ci da Awo, a Motsa Jiki

Yau maganarmu a kan kaka ce, da yadda mutum zai mori albarkarta ba tare da ta zame masa cuta ba. Za mu ɗauki misali da Nasarawa ta Kaduna, wadda ke kudancin kogi kusa da Kakuri, amma zancen ya shafi ƙauyukan kewaye duka.

Ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya shigo gida. Ga sabon gero da masara, ga doya daga gonakin Gbagyi, ga dankali, ga gyaɗa, ga rake. Kuɗi sun shiga hannu, bukukuwan aure sun kankama, ga na ƙarshen shekara suna tafe. Wannan abin godiya ne. Amma ku lura da abu guda: lokacin da abinci ya ke yawaita, a lokacin ne kuma aiki ya ke raguwa. An gama noma, an kusa gama girbi, sanyin hunturu ya fara sa mutane jinkirin fita da safe. Abinci ya ƙaru, motsi ya ragu. Nan ne ƙiba ta ke samun ƙofa.

Jiki kamar rumbu ne

Abincin da mu ke ci shi ke ba jiki ƙarfi, kamar yadda itace ke ba murhu wuta. Likitoci suna da ma'aunin wannan ƙarfi, sunansa kalori. Yadda a ke auna hatsi da mudu, haka a ke auna ƙarfin abinci da kalori. Mace baliga mai aiki matsakaici tana bukatar wajen kalori 2,000 a yini, namiji wajen 2,500. Manomin da ya yini yana huɗa da damina ya kan bukaci 3,000 ko fiye.

Abin da ka ci, in ka ƙone shi da aiki, shi ke nan. Abin da ya yi saura kuwa jiki ba ya zubarwa, sai ya mai da shi kitse ya ajiye, yawanci a ciki da ƙugu. Watau jiki rumbu ne, yana tari domin ranar babu. Wannan dabara ta ceci kakanninmu. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya likitoci sun shekara da shekaru suna auna manoma, suka ga kowace damina nauyinsu ya kan ragu da kilo kaɗan, in kaka ta zo ya komo. Haka ya ke ga manomin ƙasarmu. Wanda ya rame da damina, ƙoshin kaka biyan bashi ne a gare shi.

To, amma mutumin Nasarawa na yau fa? Tun 1957, sa'ad da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, mutane suka yi ta zuwa daga ƙauyuka suna zama a wannan yanki. Ma'aikatan lokacin da ƙafa ko a keke su ke zuwa aiki, su yi sa'o'i a tsaye gaban inji. Wannan masaƙa ta rufe a 2002, waɗansu suka biyo bayanta. Yau da yawa daga cikinmu zama mu ke yi: mai shago a kan benci, tela a kan keken ɗinki, direba a kan kujera. In za a je kasuwa sai a hau acaɓa ko keke napep. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi. Irin wannan mutum bai rame da damina ba, amma in kaka ta zo yana ci kamar wanda ya yi huɗa. Rumbunsa a cike ya ke, ana ta ƙara zubawa. In kiɗa ya sake, lalle rawa ma ta sake.

Me ya sa mu ke damuwa

Mutanenmu su kan ce wane ya yi tumbi, ya samu duniya. Likita ba haka ya ke gani ba. Kitsen ciki yana hana jiki sarrafa sukari yadda ya kamata, daga nan sai ciwon suga. Yana kuma taimakon hawan jini, shi kuwa hawan jini shi ke jawo shanyewar ɓarin jiki, da ciwon zuciya, da lalacewar ƙoda. Gwiwoyi da baya su ma suna shan nauyin. Mugun abu game da hawan jini shi ne sau da yawa ba ya ba da alama. Magidanci yana cikin harkarsa, rana ɗaya sai ya faɗi, iyali su rasa mai ciyar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta zama cuta.

Ga hanya mai sauƙi ta gwada kanka, ba sai da sikeli ba. Samu igiya, ka auna tsawonka daga ƙafa zuwa ka, ka yanke. Sa'an nan ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka wajen cibiya, kada ka ja numfashi. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, cikinka ya wuce rabin tsawonka, lokacin gyara ya yi.

Inda kalori su ke ɓuya

Yawancin mutane tuwo su ke zargi. Tuwo yana da nasa laifi in ya yi yawa, gama garin masara ko na dawa giram 100 yana da wajen kalori 350. Amma ɓarayin na gaske uku ne: mai, da sukari, da ciye-ciyen tsakanin abinci.

Na farko mai. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na gari kuwa 4 kaɗai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Uwargida, in kin tuttula mai daga kwalba kai tsaye cikin tukunya, ba ki san cokali nawa kika zuba ba. Riƙa aunawa da cokali. Doya dafaffiya giram 100 ba ta wuce kalori 120 ba, amma in an soya ta sai ta kusa ninkawa. Saboda haka a dafa, ko a gasa, a bar suya sai jefi-jefi.

Na biyu sukari. Robar lemon kwalba mai rabin lita tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 13, watau kalori kamar 210. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 kada sukarin da baligi ke sha a yini ya wuce wajen cokali 12, in ya kasa haka ma ya fi. Kun ga roba ɗaya ta cinye rabon yini. Wanda ke shan ɗaya kullum, a wata guda ya tara kalori 6,300, abincin kwana uku ke nan na mace, ba tare da ya ji ya ƙoshi ba. Haka shayin mai shayi da a ke cika wa sukari da madara, da zoɓo da kunun zaƙi masu zaƙi caɗi, da fura da a ke zuba wa sukari da ludayi. Masu shan giya da burukutu su sani su ma kalori ne su ke kwankwaɗa, ga kuma ɓarnar hanta.

Na uku ciye-ciye. Gyaɗa abinci ne mai kyau, tana gina jiki. Amma cikin gwangwanin madara ɗaya na gyaɗa ya haura kalori 500, kuma mutum ya kan cinye shi ana hira bai lissafa shi cikin abinci ba. Cikin tafi ɗaya ya isa a yini. Rake ma gaɓa biyu ko uku sun isa, ba sanda guda ba.

Yadda za a ci

Ba mu ce kowa ya zauna da yunwa ba. Raba kwanonka kashi huɗu. Kashi biyu ganye da kayan lambu: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kuɓewa, kabewa, yalo. Kashi ɗaya tuwo, ko shinkafa, ko doya. Kashi ɗaya wake, ko kifi, ko ƙwai, ko nama marar kitse. Ganye yana cika ciki, kalorinsa kuwa kaɗan ne. Lemon zaƙi da gwanda a ci su yadda su ke, su maye gurbin alewa da cincin. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya ga mutum a yini, a lissafa har da na dunƙulen magi. Daddawa da albasa da citta suna ba miya daɗi. In ana ci a kwano ɗaya, ka shata gabanka da ido, in ka gama ka tsame hannu. A wurin biki ka ci sau ɗaya, kada ka bi gida uku kana cin abinci uku. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Yadda za a motsa

Ƙa'idar ita ce minti 150 a mako, watau rabin sa'a a yini, kwana biyar. Tafiya ce da sauri, wadda za ta sa numfashinka ya ɗan hau amma kana iya magana. Rabin sa'a na irin wannan tafiya yana ƙone wajen kalori 150. Ku kwatanta da robar lemon nan, ku ga wanne ya fi sauƙi, barinta ko ƙone ta.

Ba sai ka sayi takalmin gudu ba. Ranar kasuwar Litinin ta Kakuri ka tafi da ƙafa, ka hau abin hawa in ka ɗauko kaya. Masallaci ko coci a tafi da ƙafa. Mai shago da tela su riƙa miƙewa kowace sa'a. Mai gona a gefen kogi ya kama noman rani, ya sami motsi ya sami ganye. Matan da ba su cika fita ba, daka da surfe da shara da wanki duk motsi ne, a ƙara da zagaya tsakar gida. Yara su sami sa'a guda ta wasan guje-guje kullum. In hazo ya yi yawa, masu asma su jira ƙura ta lafa, su rufe hanci da ƙyalle. A sha ruwa sosai ko ba a jin ƙishi, gama iskar hunturu tana busar da jiki.

Kada ku raina wannan. A 2002 likitocin Amurka suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a kan mutane fiye da 3,000 waɗanda ciwon suga ke shirin kamawa. Waɗanda aka sa su rage nauyi kaɗan, su kuma yi tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100.

Waɗanda wannan magana ba ta hau kansu ba

Kada a rage wa ƙananan yara abinci, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko wanda ya tashi daga ciwo, ko wanda damina ta ramar. Su kaka lokacin gina jiki ne, a ƙara musu wake da gyaɗa da ƙwai. Mai shan maganin suga kada ya tsallake abinci sai ya shawarci malamin asibiti. Wanda ke ramewa ba dalili, ga yawan ƙishi da fitsari, ko ga tarin da ya wuce mako biyu, wannan ba sa'a ba ce, ciwo ne, ya hanzarta zuwa ɗakin shan magani. Kumburin ƙafa da fuska ba ƙiba ba ne, a kai shi a duba. Mai jin ciwon ƙirji ko haki in ya yi tafiya ya fara ganin likita tukuna. Ku kuma guji shayi da ƙwayoyin rage tumbi da a ke talla a kasuwa, ba ku san abin da ke ciki ba.

Ran 14 ga Nuwamba kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon suga ta duniya, ta faɗo tsakiyar kaka. Ku mai da ita ranar awo. Duk baligi, musamman wanda ya kai shekara 40, ya je a auna jininsa da nauyinsa, in da hali har da sukari. In awon jini ya kai 140 bisa 90, a sake aunawa wata rana, a bi abin da malamin asibiti ya ce. Maigida ya tafi da uwargida.

To, jama'a, a auna mai da cokali, a rage sukari, a cika kwano da ganye, a taka ƙasa rabin sa'a. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu wata kakar. Mu kwana nan.