Fitilar Mota da Haƙƙin Ɗan'uwa a Hanya

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa, ya 'yan'uwa direbobi da masu babura, jawabinmu na yau a kan fitila ne.

Duk mai bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara a ƙasar Faskari, ko ta Sheme zuwa Ƙanƙara, ko ta Dandume zuwa Sabuwa, ya san yadda doguwar wuta take dallare ido da dare. Illarta iri biyu ce. Ta farko zafin ido da ƙunci, har direba ya runtse ko ya kau da kai. Ta biyu ta fi muni: hasken yakan watsu a cikin ido, sai rami ko saniya ko mai tafiya a ƙasa su ɓace masa. Bayan an wuce ma, ido yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya dawo daidai, kuma na dattijo ya fi jinkiri, balle mai yanar ido. To, mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa uku na makanta sun haura mita 60!

Sau da yawa mai cutarwar bai san yana yi ba. In an danƙara buhunan masara a baya, goshin mota yakan ɗaga, sai gajeriyar wuta ta koma cikin idon mai tahowa. Fararen ƙwayaye na LED kuwa sun fi tsofaffin masu ruwan ɗorawa damun ido, musamman in an sa su a gidan fitilar da ba nasu ba.

Wasu sukan kafa hujja da ramuka ko tsoron 'yan bindiga. Mun ji. Amma wanda ka makantar, kanka zai iya yowa. Shari'a ta hana cutarwa, ta kuma hana ramuwa da cuta.

Saboda haka, ka rage wuta da zarar ka hango wani, ko kana bin bayansa. In an dallare ka, kada ka rama. Rage gudu, ka dubi gefen titi na dama. Ka goge gilashi ciki da waje, musamman lokacin hazo. Ka kai fitilarka a daidaita ta.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya mai da kowa gida lafiya.