Ɗaura Farfela a Bayan Jirgi da Halin Kogin Kaduna

Duk wanda ya tsaya a bakin Kogin Kaduna ta wajen Barnawa a watan Maris, zai ga duwatsu sun fito fili, ruwa yana ratsawa a tsakaninsu. In ya komo a watan Satumba kuwa, sai ya tarar kogin ya cika ya batse, wani zubin har ya shiga gidaje, kamar yadda ya yi a shekarar 2003. To, mai niyyar sa wa jirginsa inji a nan, dole ne ya yi la'akari da waɗannan halaye biyu.

Akwai wani tsari wanda kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ya fito da shi kasuwa a 1959. Inji yana zaune cikin jirgi, sa'an nan a huda allon baya, a fitar da wata ƙafa ta ƙarfe mai ɗauke da farfela. Ita kalmar farfela bakuwa ce, amma aikinta ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin tura ruwa baya take yi, kamar filafilin masunci.

Muhimmin abu wajen ɗaurawa shi ne tsayi. A bisa farfela akwai wani faifan ƙarfe, wanda ake so ya yi daidai da ƙasan jirgi. In an ɗaga shi ya wuce kima, farfela za ta riƙa zuƙar iska, inji ya yi ta kururuwa, mai yana ƙonewa, jirgi kuwa yana jan jiki. In an saukar da shi ƙwarai, ruwa zai riƙe ƙafar, kuma a kogi irin wannan dutse ne zai fara gaisawa da ita. Har ila yau, sai sandar inji ta miƙe sak da ta ƙafar, in ba haka ba mahaɗar ta cinye. Robar da ke rufe wannan mahaɗa kuwa ita ce aka fi rainawa, alhali in ta yage, ta nan ruwa zai shiga, jirgi ya nutse da mutanen cikinsa.

Ana iya ɗage ƙafar in an zo wurin da ba zurfi. Amma da rani, a tsakanin duwatsun nan, mai kwalekwale da gorarsa ya fi mai inji saurin ƙetarewa.