Daga Ɓawon Itace Zuwa Ƙwayar Magani: Aikin Masu Ilimin Sinadarai a Yaƙi da Zazzaɓin Cizon Sauro



An ce in yi bayani kan gudummawar ilimin sinadarai ga aikin likita. Fagen yana da faɗi, don haka na zaɓi cuta guda wadda babu gidan da ba ta shiga ba, wato zazzaɓin cizon sauro. Nijeriya kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya.

Tun ƙarni na 17 Turawa ke sauke zazzaɓi da ɓawon itacen sinkona na tsaunukan Kudancin Amurka. Amma wani ɓawon yana da ƙarfi, wani kuwa holoƙo ne, kuma likita ba shi da hanyar bambancewa sai ya ga abin da ya sami majinyaci. A 1820 wasu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka tace ɓawon suka fitar da sinadarin da ke aikin, wato kwinin. Daga ranar aka sami abin da za a ɗora a sikeli a ce ga rabon babba, ga na yaro. A ganina, awo shi ne babbar kyautar da wannan fanni ya yi wa likitanci. Labarin ya taɓa mu ta wata fuskar da ba ta da daɗi: a 1854 Baikie ya shiga Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, mutanensa suna shan kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe. Sauron da ya daɗe yana tsare gaɓar Afirka ta Yamma daga Turawa ya rasa ƙarfinsa ke nan.

Kwinin yana da tsada, sai aka shiga neman haɗa shi a ɗakin gwaji. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, ya gwada, ya kasa, amma a gindin kwalbarsa ya tarar da rini mai launin shunayya. Daga nan masana'antar rinin zamani ta tashi, musamman a Jamus. Ita ce daga baya ta fito da baban kanti wanda ya yi wa marina irin ta Ƙofar Mata illa. Ita ce kuma ta haifi magunguna. Paul Ehrlich ya lura cewa wani shuɗin rini yana kama ƙwayar cutar maleriya, sai ya ce abin da ya iya kama ta zai iya kashe ta, kuma a 1891 ya ba majinyata. Wannan hanya ce ta kai ga kulorokwin, wanda Hans Andersag ya haɗa a 1934. Har yau, idan aka ɗebi jininka aka shafa a gilashi don a duba da madubin likita, rinin Giemsa ake zubawa kafin ƙwayar ta fito fili, kuma Giemsa masanin sinadarai ne.

Da ƙwayar cutar ta fara bijire wa kulorokwin, sai ƙasar Sin ta kafa wani shirin sirri a 1967. Wata mata, Tu Youyou, da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan magani har suka tsaya kan wani ganye dangin tazargade. Suka dafa, sakamako ya ƙi tsayawa. Sai ta koma wani littafi na ƙarni na 4, na Ge Hong, ta lura cewa shi jiƙawa ya ce a yi a matse, bai ambaci wuta ba. Ta yi zargin zafi ne ke ɓata sinadarin, sai ta tace ganyen da sinadarin ita (ether), wani ruwa da ke tafasa a awon zafi 35 kacal. A 1971 gwajin ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. Ta karɓi kyautar Nobel a 2015.

Ku dubi yadda sinadarin da ke cikin ganyen, wato atimisinin, ke aiki. A jikinsa akwai wata gada ta ƙwayoyin zarra biyu na oksijin. Ƙwayar cutar tana cin jan jini, tana barin sinadarin ƙarfe, ƙarfen nan shi ke karya gadar, abin da ya fashe kuma ya hallaka ta. Sai dai ba ya narkewa sosai a ruwa ko a mai, kuma ba ya jimawa a jiki. Masu sinadarai suka gyara shi, aka sami atesunet na allura don zazzaɓi mai tsanani, da atimeta wanda ake haɗawa da lumefantirin mai daɗewa don ya share ragowar. Ana cewa a sha wannan haɗin da madara ko abinci mai maiƙo, kuma a cika kwana uku ana sha.

Za a ce to me ya hana a jiƙa tazargade a sha? Matsalar ɓawon sinkona ce ta dawo: ba ka san nawa ka sha ba, kuma guntun magani koya wa ƙwayar cuta bijirewa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shayin ganyen ba saboda haka. An riga an ga alamun bijire wa atimisinin a Ruwanda da Yuganda. Sassanmu na ilimin sinadarai suna da saiwoyi da sassaƙe da yawa da ke jiran a tace su a auna.