Ruɓar da ke Ɓoye Tsakanin Haƙora: Yadda Likita ke Gano Ta

 

Yau maganarmu a kan ciwon haƙori ce. Ba wanda ke hana barci ba, wanda bai fara zafi ba tukuna.

Duk manomi ya san ƙwaron wake. Yana ciki yana ci, waken kuwa sumul a waje. Sai ya gama ɓarna sannan ka ga rami. Haka ruɓa take yi a inda haƙori ya manne da ɗan'uwansa, musamman haƙoran tauna na can ciki. Aswaki da buroshi ba sa shiga wannan lungu sosai.

Ba tsutsa ce ke cin haƙori ba, ko da yake haka muka taso muka ji. Ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani. Suna cin sukarin da ya maƙale, na rake, alewa, shayi ko lemon kwalba. Sai su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cinye ɓawon haƙori. Ɓawon ba shi da jijiya, shi ya sa ba ka jin komai. Ranar da zafi ya zo, ruɓa ta riga ta yi nisa.

To, ta yaya likita zai ga abin da ke ɓoye?

Hanya ta farko ita ce hoto, irin wanda ake ɗauka idan mutum ya karye. Wani Bajamushe mai suna Röntgen ne ya gano shi a 1895. Za a ba ka ɗan faifai ka ciza, a ɗauki hoton haƙoran sama da na ƙasa tare. Inda ya ruɓe sai ya fito duhu. Hoto yana nuna zurfin ramin, da saiwa, da ƙashin da ke riƙe haƙori. Amma sai ruɓa ta ɗan ci wuri kafin ta fito a hoto. Kuma ba a ɗaukarsa barkatai, sai da dalili, duk da cewa tururin da ke shiga jiki kaɗan ne ƙwarai.

Hanya ta biyu ita ce haske. Kun ga yadda mai sayen ƙwan zabi ke ɗaga shi wajen rana ya leƙa? To, dabarar ke nan. Lafiyayyen haƙori haske yana ratsa shi. Inda ya fara lalacewa sai ya tare hasken, inuwa ta fito. A haƙoran gaba, ƙaramar fitilar likita da madubi kan nuna wannan inuwa. Na ciki kuwa sun fi kauri. Saboda su aka ƙera na'ura mai wani haske da ido ba ya gani, tana nuna haƙorin a fuskar kwamfuta. Babu zafi, babu tururi, ana iya maimaitawa ko ga yaro ko ga mai ciki.

Sai dai haske ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin dasashi, ba ya nuna saiwa. Na'urar kuma da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba. A ganina kada wanda ya ƙi hoto don yana jiran na'ura.

Amfanin ganowa da wuri babba ne. Idan ruɓa tana kan ɓawo, ba ta yi rami ba, ana iya tsayar da ita da man goge baki mai fuloraid, da rage zaƙi, da sakace da zaren haƙori. In ta yi rami, sai ciko. In ta kai jijiya, aiki ya yi yawa, kuɗi ma haka, wani lokaci sai cirewa. Babba haƙora 32 gare shi, wanda aka cire kuwa ba ya sake tsirowa.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen haƙori, kuma ba shi da nisa da mu. A daure a je a duba ko sau ɗaya a shekara. Idan nama yana yawan maƙale maka a wuri guda, ko ruwan sanyi yana tsarga maka, nuna wa likita daidai wurin. Ke kuma mai juna biyu, ki faɗa masa tun kafin a ɗauki hoto.