BAYAN ƘURUNƘUS, INA ZUCIYARMU TAKE?

Wurin karatu: 2 Sama'ila 12:1-13, Filibiyawa 4:8

  

Yau za mu yi tunani a kan wani abu da yake cikin gidajen masu bi da yawa, amma ba safai ake ambatonsa a majami'a ba, wato karatun littattafan soyayya da na almara. Iyaye sukan tambaya, "Zunubi ne 'yata ta riƙa karanta irin waɗannan littattafai?" Matasa kuma sukan ce, "To, mene ne laifin labari? Ai nishaɗi ne kawai." Bari mu kai tambayoyin nan biyu gaban Littafi Mai Tsarki, mu ji abin da zai koya mana.

Da farko mu tuna, son labari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yawancinmu a gaban kaka muka fara jin labarin Gizo da Ƙoƙi, da dare bayan an ci tuwo. Da boko ya zo, labari ya shiga takarda. A shekarar 1933 aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai ta ofishin fassara na Zariya, inda aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu da aljanu da tafiye-tafiyen ban mamaki a ciki. A zamanin nan ne kuma John Tafida na Wusasa, tare da Rupert East, suka rubuta Jiki Magayi, labarin saurayin da mai dukiya ya ƙwace wa budurwa, da irin masifar da neman ramuwa ya jawo. Daga wajajen 1980 zuwa gaba sai littattafan soyayya suka cika kasuwa, musamman daga Kano. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, matasa suka yi ta aron sa hannu zuwa hannu har bangonsa ya yage. 'Yan makaranta kuwa suna karanta na Turanci, irin su Mills & Boon da Pacesetters. Yau labaran sun koma cikin waya. Ana tura su ta WhatsApp shafi shafi, ana kuma sauraron masu karanta su a YouTube. Littafin da dā ake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, yanzu yana cikin aljihu.

To, me Allah ya ce game da ƙagaggen labari? 'Yan'uwa, idan muka buɗe Littafi Mai Tsarki za mu ga Allah da kansa ya yi aiki da labari. A cikin Littafin Mahukunta sura 9, Yotam ya tsaya a kan Dutsen Gerizim ya ba mutanen Shekem labarin itatuwa da suka fita neman sarki. Zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, sai ƙaya ta karɓa. Kowa ya san itatuwa ba sa magana, amma ba wanda ya ce Yotam ya yi ƙarya. Ubangijinmu Yesu ma da misalai ya yi ta koyarwa: ɗan da ya lalatar da gādonsa, Basamariyen da ya ji tausayi, matar da ta ɓatar da kuɗinta ta share ɗaki tana nema. Zancen ƙauna tsakanin namiji da mace kuwa, Maganar Allah ba ta ji kunyarsa ba. Yakubu ya yi wa Laban barantaka shekara 7 saboda Rahila, ƙauna ta sa shekarun suka yi masa sauƙi. Ga labarin Rut da Bo'aza. Ga Waƙar Waƙoƙi, sura 8 cif, ango da amarya suna yabon juna.

Bayin Allah na baya su ma sun bi wannan hanya. John Bunyan, mai wa'azi a Ingila wanda ya yi kimanin shekara 12 a kurkuku saboda wa'azi, ya fitar da The Pilgrim's Progress a 1678. Akwai ƙattai da dodanni a ciki, amma littafin ya ƙarfafa masu bi a ƙasashe da yawa. C. S. Lewis ya rubuta littattafai 7 na ƙasar Narniya daga 1950 zuwa 1956, inda dabbobi suke magana, wani zaki kuma ya ba da ransa domin yaro mai laifi. Saboda haka kada mu ɗora wa 'ya'yanmu dokar da Allah bai kafa ba. Hutu kyautar Allah ne. Mace da ta wuni tana fama da aikin gida ko na kasuwa, in ta zauna da dare ta karanta labari ta yi dariya, ba ta yi wa Allah laifi ba.

Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Labari yana da ƙarfi, yana shiga inda wa'azi bai samu ƙofa ba. Mu dubi wurin karatunmu. Sarki Dawuda ya ɗauki Bat-sheba matar Uriya, ya kuma shirya yadda aka kashe mijin a bakin dāga. Watanni suka wuce, sarki yana zaune a fādarsa kamar ba abin da ya faru. Sai Allah ya aiki annabi Natan. Natan bai fara da tsawa ba, labari ya kawo. Ya ce akwai mai arziki da garkuna masu yawa, akwai kuma matalauci mai 'yar tunkiya guda tak, wadda ya rena kamar 'yarsa. Da mai arzikin ya yi baƙo, sai ya ƙyale nasa garken, ya yanka ta matalaucin. Dawuda ya husata ƙwarai, ya yanke wa mutumin hukunci. A nan ne Natan ya nuna masa cewa shi ne mai arzikin. Dawuda bai yi gardama ba, ya amsa zunubinsa a gaban Ubangiji. Labarin ya ɗauki sarki ya fita da shi waje, sa'an nan ya komo da shi gida, ya tsai da shi a gaban zuciyarsa.

Yanzu ku ji wani labarin dabam. Agustin, ɗaya daga cikin manyan iyayen ikkilisiya, ɗan Afirka ne. An haife shi a shekarar 354 a Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yau. Yana ɗan makaranta aka koya masa labarin Dido, sarauniyar Kartaj, wadda ta kashe kanta domin masoyinta ya tafi ya bar ta. Bayan ya tuba ya zama bishop na Hippo, ya rubuta cewa a lokacin yakan yi kuka saboda Dido, amma nisan da ransa ya yi da Allah bai sa ya zubar da hawaye ko ɗigo ɗaya ba. Kun ga bambancin? Dawuda ya ji labari ya ga kansa. Agustin ya ji labari ya manta da kansa. Zuciya ta motsa a wurare biyun, amma ɗaya ta komo gida, ɗaya ta ɓata a hanya.

Kakanninmu sun san wannan. Tatsuniya tana da ƙofar shiga, tana kuma da ƙofar fita. In an ce ƙurunƙus, an rufe ke nan, yara su tashi su kwanta, da safe kowa ya kama aikinsa. Abin da ya kamata mu bincika shi ne halin da muke ciki bayan ƙurunƙus. Ga tambayoyi uku da za su taimake mu.

Ta fari, bayan mun rufe littafin, da wane ido muke duban mutanen da Allah ya ba mu? A cikin labarai da yawa saurayin kyakkyawa ne, ɗan masu kuɗi, ga mota, ga gida mai bene, bakinsa kuma ba ya rabuwa da daɗin magana. Matar aure ta ajiye waya, ta ɗaga ido, sai ga maigida ya shigo daga gona, ƙafa duk ƙura, yana tambayar ruwan wanka. In zuciyarta ta ce, "Wayyo, ni kam an cuce ni," to, labarin ya yi mata sata. Namiji ma haka, in ya fara auna matarsa, uwar 'ya'yansa, da budurwar cikin littafi wadda ba ta taɓa kwana tana jinyar yaro ba. Mutumin cikin labari ba ya gajiya, ba ya rashin lafiya, ba a bin sa bashi, domin alƙalami ne ya yi shi. Ba adalci ba ne mu sa ɗan adam gasa da shi. Akwai 'yan mata da suka ƙi samari masu tsoron Allah suna jiran irin na littafi. Amma akwai kuma labaran da suke buɗe ido. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu sun rubuta a kan auren dole da hana 'ya mace ilimi da wulakancin da ake yi wa mata a gidan aure. In labari ya sa mun ƙara tausayin gwauruwa da marainiya, ko ya sa uba ya fasa tilasta wa 'yarsa, mu gode wa Allah dominsa.

Ta biyu, wace irin ƙauna labarin yake koya mana? Ba duk abin da ake kira so ne ƙauna ba. A 2 Sama'ila sura 13, Amnon ya so Tamar har ya kwanta ciwo. Da ya ɓata ta ƙarfi da yaji, nan take son ya juya ya zama ƙiyayya, ya sa aka kore ta aka kulle ƙofa. Wannan sha'awa ce ta sa rigar ƙauna. Ku gwada shi da abin da Manzo Bulus ya bayyana a 1 Korantiyawa sura 13, inda ma'aunin ƙauna shi ne haƙuri da kirki da rashin sonkai da jimrewa. Akwai labaran da suke yawo a waya yau waɗanda aka rubuta musamman don ta da sha'awar jiki. Irin waɗannan ba su bukatar dogon bincike. Labarin da ba za mu iya karantawa da murya a gaban mahaifiyarmu ba, kada mu karanta shi a ɓoye a gaban Allah. Haka ma labaran yaƙi da matsafa. Dodo a cikin labari ba zai cuce mu ba, amma in labari yana nuna mana cewa mafita tana wurin boka, a mallake miji ko a raba masoya, har zuciya ta fara cewa bari in gwada, to, mu tuna da gargaɗin Maimaitawar Shari'a sura 18, mu ajiye shi.

Ta uku, wa yake mulkin wani, mu ko littafin? Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa ko abin da yake halal a gare shi, ba zai yarda ya zama bawansa ba. In tuwo ya ƙone a kan murhu, yaro yana kuka ba a ji ba, ɗalibi yana da jarrabawa gobe amma yana bin labari har zakara ya yi cara, mun san amsar. In muna iya karanta shafi ɗari na labari a zama ɗaya, amma sura guda ta Markus ta gagare mu a mako, ai ba rashin lokaci ne damuwarmu ba. Zuma da daɗi, amma wanda ya cika ciki da ita ba zai nemi abinci ba.

Iyaye, da shugabannin matasa, da iyayenmu na zumuntar mata, ga kalma dominku. Waɗansu sukan kafa hujja da Ayyukan Manzanni 19:19, inda aka ƙone littattafai a Afisa, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Amma mu lura, littattafan sihiri ne, masu su ne kuma suka kawo su da hannunsu bayan sun ba da gaskiya. Ba ƙwace aka yi ba. A shekarar 2007 hukumomi a Kano sun ƙone waɗansu littattafan soyayya a bainar jama'a, amma karatun bai tsaya ba. Wuta tana cin takarda, ba ta kaiwa ga zuciya. In ka ƙwace littafin 'yarka da zagi, gobe za ta karanta a inda ba ka gani. Gara ki zauna da ita, uwa, ki ce, "'Yata, ba ni labarin nan in ji." Ki tambaye ta ko saurayin cikin labarin mutumin kirki ne, ko za ta so ƙanwarta ta aure shi. Ta haka ake koya wa yaro ya rarrabe tsaba da tsakuwa da kansa, gama ba kullum za mu kasance tare da shi ba. Yaro mai son karatu kuwa baiwa ce gare shi. Agustin ɗin nan da ya yi kuka don Dido, ta wurin karatu ne Allah ya kama shi. A shekarar 386, a wani lambu a birnin Milan, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura 13, daga ranar rayuwarsa ta sāke.

'Yan'uwa, me ya sa muke son labarin da ya ƙare da biki, da labarin jarumin da ya kashe dodo ya ceci mutanensa? Domin Allah ya sa ƙishin haka a zuciyar ɗan adam. Bishara ce take kashe ƙishin nan. Ɗan Allah ya zo neman waɗanda ba su cancanta ba, ya mutu dominsu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku. Littafin Wahayin Yahaya ya nuna mana an ka da macijin nan na tun dā, an kuma kira mu zuwa bikin auren Ɗan Rago. Wannan labari ba ƙage ba ne, ba shi kuma da ƙurunƙus. Mu karanta sauran labarai da godiya, muna auna su da ma'aunin Filibiyawa 4:8, amma zuciyarmu ta zauna a wurin Almasihu.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin hutu da nishaɗi, da baiwar da ka ba masu rubutu. Ka tsare zukatanmu da na 'ya'yanmu. Ka ba mu hikimar zaɓen abin da za mu karanta, da ƙarfin ajiye abin da ba ya gina mu. Ka sa mu ƙaunaci mazanmu da matanmu da iyalanmu kamar yadda Almasihu ya ƙaunace mu. Ka sabunta mana marmarin Maganarka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai Allah ya sāke haɗa mu a shiri na gaba. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.